ZARE: Jonatan, yariman da ya ga sarauta za ta koma hannun abokinsa bai yi baƙin ciki ba

1/ Yau zaren tarihi ne, kuma da ɗan tsawo, ku gyara zama. Labarin Jonatan zan ba ku. A'a, ba tsohon shugaban ƙasa ba 😄 Jonatan ɗan Saul nake nufi, yariman Isra'ila, wanda ya rayu wajen shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu. Sunan na Ibrananci ne, ma'anarsa Ubangiji ya bayar.

2/ Bari in fara da abin da ya tuno min shi. Bara ni da aminina muka nemi aiki ɗaya. Tare muka cike takardu, a ɗakina ma ya kwana ranar da za mu je ganawa. Aka ɗauke shi, aka bar ni. Na rubuta masa "Allah ya sanya alheri" a Facebook har da alamar wuta, amma zuciyata baƙi ƙirin. Wata uku in ya kira sai in ce ba na kusa da waya.

3/ Mama ce ta gano ni. Ta ce, "Kai da ka haddace labarin Dawuda da Jonatan tun kana makarantar Lahadi, ashe a baki kawai ya tsaya?" Ban ce komai ba. Da dare na ɗauko Littafi Mai Tsarki na karanta 1 Sama'ila daga sura 13 har ƙarshe. Sai na ga ashe rabin labarin aka ba mu muna yara.

4/ 'Yan'uwa Musulmi, wasu sunayen ba baƙi ba ne a wurinku. Saul shi ne Ɗalutu, Goliyat shi ne Jaluta, suna cikin Suratul Baƙara, aya ta 246 zuwa 251. Alƙur'ani bai ambaci Jonatan ba. Abin da zan kawo daga littattafan Sama'ila ne, yadda Kirista ke karantawa da koyarwa. Kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

5/ Ga yadda ƙasar take a lokacin. Isra'ilawa ƙabilu 12 ne a kan tuddai, manoma da makiyaya. A bakin teku kuma akwai Filistiyawa da manyan biranensu biyar: Gaza, Ashkelon, Ashdod, Ekron da Gat. Sun fi tsari, sun fi makamai. Matsin lambarsu na cikin abin da ya sa Isra'ilawa suka nemi sarki, aka naɗa musu Saul ɗan Kish daga ƙabilar Biliyaminu.

6/ Don ku gane irin danniyar: Filistiyawa sun hana a samu maƙeri ko ɗaya a Isra'ila. Manomi in garmarsa ko gatarinsa ya dakushe, sai ya gangara wurin abokan gaba ya biya kuɗi a wasa masa. Ranar yaƙi, a duk rundunar Saul mutum biyu ne kawai ke da takobi da mashi: Saul da ɗansa Jonatan.

7/ Kuɗin wasa garmar ma an faɗe shi, da wata kalma "pim" wadda sau ɗaya ta fito a duk Littafi Mai Tsarki. Masu fassara sun daɗe ba su san ma'anarta ba, sai da masu tonon kayan tarihi suka haƙo ƙananan duwatsun awo da kalmar a rubuce jikinsu. Ashe ma'auni ne, kusan giram 8, wato kashi biyu cikin uku na shekel.

8/ A nan Jonatan ya fara bayyana. Saul ya zaɓi mayaƙa 3,000, ya riƙe 2,000, ya ba ɗansa 1,000. Jonatan ne ya fara tsokano tsuliyar dodo, ya faɗa wa sansanin Filistiyawa da ke Geba. Su kuwa suka yi gangami suka sauka a Mikmash. Mutanen Saul suka tsorata, wasu suka shige kogo da rami, wasu suka haye Urdun. Aka bar shi da mutum wajen 600.

9/ Mikmash na nan har gobe, ƙauyen Falasɗinawa ne da ake kira Mukhmas, arewa maso gabas da Urushalima. Tsakaninsa da Geba akwai wani kwari mai zurfi, da duwatsu biyu masu tsini suna fuskantar juna, ɗaya Bozez ɗaya Sene. Saul na zaune ƙarƙashin itacen rumman yana jira, ba gaba ba baya.

10/ Jonatan ya sulale ba tare da ya gaya wa ubansa ba, daga shi sai saurayin da ke ɗaukar masa makamai. Hujjarsa ita ce yawan mutane ko ƙarancinsu ba ya hana Allah ba da nasara. Suka sa alama: in masu gadi suka ce su tsaya, za su tsaya. In suka ce su hau, to Allah ya ba su su.

11/ Masu gadi suka hango su, suka yi ta dariya wai ga Ibraniyawa sun fito daga ramukansu, suka ce su hawo. Jonatan ya hau dutsen da rarrafe, hannu da ƙafa, yaronsa na biye. Nan take suka kar da mutum wajen 20. Sansani ya ruɗe, ƙasa ta girgiza, Filistiyawa suka shiga saran junansu. Waɗanda suka ɓuya a kogo duk suka fito aka bi su da kora.

12/ Sai ga wata sabuwa. Saul ya riga ya rantsar da mayaƙa cewa duk wanda ya ci wani abu kafin yamma la'ananne ne. Jonatan ba ya nan lokacin rantsuwar. Ya ga zuma a kurmi, ya tsoma kan sandarsa ya lasa. Da aka jefa ƙuri'a ta faɗa kansa, uban ya ce lallai sai ya mutu. Mayaƙa ne suka tare, suka ce ko gashinsa ɗaya ba zai taɓa ƙasa ba.

13/ Ku riƙe abu biyu daga nan. Na ɗaya, Jonatan jarumi ne tun kafin a san da wani Dawuda, kuma talakawa na son sa har suna iya ja da sarki dominsa. Na biyu, ya san halin ubansa sarai. Ya ga yadda rantsuwar gaggawa ta kusa cin ransa. Duk abin da zai biyo baya, da idonsa biyu ya yi shi.

14/ Sai labarin da kowa ya sani: kwarin Ila, Goliyat mutumin Gat, da wani makiyayi ɗan autan Yesse daga Baitalami, da majajjawa da dutse. Yanzu ku sa kanku a matsayin Jonatan. Kai ne gwarzon Mikmash, kai ne mai jiran gado, Ciroma kenan a tsarinmu. Kwana 40 wannan ƙato na zagin rundunarku ba ka fita ba, sai ga yaro daga bayan tumaki ya gama da shi.

15/ Ni da ake ba ni labarin aiki ɗaya na kasa ɗaga waya. Shi kuwa Jonatan ransa ya kama Dawuda, ya ƙaunace shi kamar kansa, suka ƙulla alkawari. Ya tuɓe rigarsa ya sa masa, ya ba shi kayan yaƙinsa, takobinsa, bakansa da ɗamararsa. Ku tuna wannan ƙasa ce da takobi ya taɓa zama biyu tak.

16/ Masu nazarin Littafi da yawa na ganin wannan ya wuce kyautar abota. Rigar yarima alamar matsayinsa ce. Kamar dai a ce ɗan sarki ya cire alkyabbarsa a bainar jama'a ya yafa wa ɗan talaka. Kuma da alama Jonatan ya girmi Dawuda, tunda yana jagorantar mutum 1,000 tun Dawuda na kiwo. Babba ne ya sauko wa ƙarami.

17/ Saul kuwa wata hanya ya bi. Mata suka fito tarbar mayaƙa da waƙa, suka ba Saul dubbai, suka ba Dawuda dubun dubbai. Shi kenan, hassada ta shiga. Waƙa ɗaya uba da ɗa suka ji. Jonatan ne ma ya fi cancanta ya ji zafi, don gadonsa ne ke lilo. Amma uban ne ya ɗauki mashi ya wurga wa Dawuda yana cikin kaɗa masa molo.

18/ Da Saul ya fito fili ya umarci fadawa da Jonatan su kashe Dawuda, Jonatan ya yi abu biyu. Ya gargaɗi abokinsa ya ɓuya. Sannan ya je gaban ubansa ya yi masa magana cikin ladabi, ya tuna masa yaron nan ya sa ransa a kan Goliyat kuma sarki da kansa ya yi murna. Saul ya saurara, ya rantse ba zai kashe shi ba. Dawuda ya dawo fada.

19/ Sulhun bai daɗe ba. Mashi ya sake tashi, ya kafe a bango. Mikal, matar Dawuda kuma 'yar'uwar Jonatan, ta zurara shi ta taga da dare. Da suka haɗu, Dawuda ya gaya wa Jonatan taki ɗaya ne tsakaninsa da mutuwa. Jonatan bai yarda ba da farko. Ɗa ne, yana kyautata wa ubansa zato. Sai suka shirya gwaji.

20/ Washegari bikin tsayuwar wata, manyan fada na cin abinci da sarki. Dawuda zai ɓuya a saura. In sarki ya tambaya, Jonatan zai ce ya ba shi izinin zuwa Baitalami hadayar danginsu. In sarki ya ce ba komai, lafiya. In ya fusata, an gane. E, ƙarya ce suka shirya, Littafin bai ɓoye ba. Rai ake ƙoƙarin ceta, kuma har yau malamai na muhawara a kan wannan gaɓar.

21/ Rana ta farko Saul ya yi shiru. Rana ta biyu ya tambaya, Jonatan ya faɗi abin da aka shirya. Kai! Saul ya zage shi har da uwarsa a gaban mutane. Sannan ya faɗa masa gaskiyar siyasa tsirara: muddin ɗan Yesse na numfashi, ba kai ba sarauta. Kuma fa a lissafin mulki Saul bai yi kuskure ba.

22/ Nan ne wurin da nake ganin ya fi Mikmash. Jonatan bai kare gadonsa ba, bai kuma yi shiru ba. Tambaya ya yi: laifin me ya yi da za a kashe shi? Amsar da ya samu mashi ne, daga hannun mahaifinsa. Ya tashi daga wurin cin abinci ransa a ɓace, ranar ko loma bai kai baki ba. Hawa dutse gaban abokan gaba da sauƙi a kan faɗa wa ubanka gaskiya a gaban fadawansa.

23/ Da safe ya fita saura da wani ƙaramin yaro kamar mai koyon harbi. Alamar ita ce in ya ce wa yaron kibiya na gaba da kai, to Dawuda ya gudu. Haka ya faɗa da ƙarfi. Ya sallami yaron da kwari da baka, yaron bai san komai ba. Dawuda ya fito, suka rungume juna suna kuka, na Dawuda ya fi yawa.

24/ Akwai abin da Jonatan ya roƙa a alkawarin nan da ba a cika faɗa mana ba. Ya ce in Dawuda ya samu mulki, kada ya yanke alheri daga zuriyarsa. Me ya sa? Don al'adar zamanin, sabon gida in ya hau, sai ya share tsohon. Daga baya a Isra'ilar ma an yi: Ba'asha ya ƙare gidan Yerobowam, Zimri ya ƙare na Ba'asha, Yehu ya sa aka sare 'ya'yan Ahab 70.

25/ Wato Jonatan ya san abin da yake yi. Yana ceton mutumin da, bisa al'ada, shi ne zai iya yanka 'ya'yansa gobe. Ba shi da jingina sai maganar baki da sunan Allah a tsakani. Kuma taimakon Dawuda ba wasa ba ne: firistocin Nob da suka ba shi gurasa da takobi, Saul ya sa Doyeg mutumin Edom ya kashe 85 daga cikinsu rana ɗaya.

26/ Duk da haka, da Dawuda ke ɓoye a Horesh cikin jejin Zif, kudu da Hebron, Saul na farautarsa kullum, Jonatan ya tashi ya same shi. Bai kai masa sojoji ba, bai kai masa sirrin fada ba. Ya ƙarfafa shi ga Allah, ya ce kada ya ji tsoro, shi zai yi sarauta, shi Jonatan kuma ya zama na biyunsa. Wannan ce ganawarsu ta ƙarshe da aka rubuta.

27/ To ga abin da ban lura da shi ba ina yaro. Bayan ganawar, Jonatan GIDA ya koma. Bai bi Dawuda jeji ba, ga shi ya san can nasara take. Da irin 'yan siyasarmu ne, da tuni ya sauya sheƙa ya fara zagin uban a rediyo. Ya ƙi taya ubansa zalunci, amma bai bar shi shi kaɗai ba. Bai sayar da aboki don uba ba, bai sayar da uba don aboki ba.

28/ Ƙarshe ya zo a Dutsen Gilbowa, gefen kwarin Yezreyel. Filistiyawa suka fatattaki Isra'ila. Jonatan ya faɗi tare da 'yan'uwansa Abinadab da Malkishuwa. Maharba suka raunata Saul, ya faɗa kan takobinsa. Aka rataye gawarwakinsu a garun Bet-sheyan. Matsayi na biyun da Jonatan ya yi fata, ko kwana ɗaya bai ɗana ba.

29/ Mutanen Yabesh-gileyad, garin da Saul ya taɓa ceta daga Ammonawa a farkon mulkinsa, suka yi tafiyar dare suka sauko da gawarwakin, suka binne ƙasusuwan, suka yi azumin kwana 7. Su ma ba su manta alheri ba. Dawuda na Ziklag labari ya iske shi. Mutuwar da ta buɗe masa hanyar gado, ya yage tufafinsa ya yi kuka a kanta.

30/ Ya yi musu waƙar makoki da ake kira Waƙar Baka, tana 2 Sama'ila sura 1, ya ce a koya wa mutanen Yahuza. Ku je ku karanta da kanku. Abin da ya taɓa ni, bai zagi Saul ko da kalma ɗaya ba, ya yabi uba da ɗa tare a matsayin waɗanda mutuwa ma ba ta raba ba, ya kira Jonatan ɗan'uwansa.

31/ Alkawari fa? Jonatan ya bar ɗa, Mefiboshet, mai shekara 5. Ranar da labarin Gilbowa ya zo, mai renonsa ta ɗauke shi da gudu, ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka gurgunce. Ya girma a Lodebar, ƙetaren Urdun, a gidan wani Makir. Dawuda ya yi shekara 7 da wata 6 a Hebron, sannan ya koma Urushalima, ƙasa duka ta dawo hannunsa.

32/ Sai wata rana ya tambaya ko akwai wanda ya rage a gidan Saul da zai yi wa alheri saboda Jonatan. Ziba, tsohon baran gidan, ya nuna Mefiboshet. Ku yi tunanin tsoron da ya zo da shi, jikan tsohon sarki an ce sabon sarki na kira. Dawuda ya mayar masa da gonakin kakansa duka, ya ce kullum tare da 'ya'yan sarki zai riƙa cin abinci.

33/ Kada in yi muku kwalliya da yawa. Wasu masana na cewa ajiye shi a fada hanya ce ta sa masa ido. Daga baya ma, bayan tawayen Absalom, Dawuda ya raba gonakin tsakaninsa da Ziba. Kuma a 2 Sama'ila 21 an miƙa mutum 7 daga zuriyar Saul ga Gibeyonawa aka kashe. Amma Mefiboshet bai shiga ciki ba, saboda rantsuwar nan. A ƙarshe Dawuda ya kwaso ƙasusuwan Saul da Jonatan ya binne a kabarin Kish.

34/ Masu tambayar hujjar tarihi: labarin Jonatan daga littattafan Sama'ila muke da shi. Gidan Dawuda kuwa ya fito a dutse. A 1993 aka tono wani rubutun Aramiyanci a Tel Dan, arewacin Isra'ila, na ƙarni na 9 kafin Almasihu, inda wani sarki abokin gaba ke alfahari da nasararsa yana ambaton gidan Dawuda.

35/ A koyarwar Kirista an daɗe ana kafa misali da shi. Aelred, shugaban gidan sufaye na Rievaulx a Ingila wanda ya rasu a 1167, ya rubuta littafi kan abota ta ruhaniya, ya ɗauki Jonatan a matsayin abokin da ya fifita amininsa a kan sarauta. Masu wa'azi kan haɗa shi da Yahaya 15:13, inda Yesu ya yi maganar ba da rai domin abokai, da Filibiyawa sura 2, kan ɗaukar wani ya fi ka.

36/ Abokin da zai zo maka jaje yana da yawa. Kuka tare ba ya rage wa kowa komai. Wanda zai ga an ba ka abin da shi ya sa rai a kai, ya kuma tashi ya taya ka riƙe shi, shi ne mai wuyar samu. Kuma mai wuyar zama, don ni na gwada na faɗi a kan albashin da bai kai ya kawo ba.

37/ Washegarin daren nan na kira aminina. Na ce masa hassada ce ta hana ni ɗaga waya, ba rashin caji ba. Ya yi shiru, sannan ya ce ai ya sani, jira yake in huce. Har yau ban samu aikin ba, shi kuma yana can yana yi. Ranar Asabar da ta wuce ni na raka shi sayen katifa.

38/ In kana da wanda ka daina ɗaga wa waya tun da Allah ya ɗaga shi, ka san abin yi. Mai son karantawa: 1 Sama'ila sura 13, 14, 18 zuwa 20, 23 da 31, sai 2 Sama'ila sura 1 da 9. Awa ɗaya ta isa. Ku gaya min a ƙasa, da ku ne a wurin cin abincin nan, shiru za ku yi ko za ku yi tambayar? Sai da safenku.